Mussa ta faɗo ko ta diro? Amsar tambaya daga Tawa

Wata baiwar Allah daga unguwar Bilbis a Tawa ta turo mini saƙo ta WhatsApp game da mussarta, wato kyanwa, ga abin da ta ce a taƙaice: "Malam, ina da mussa tun tana 'yar mitsitsiya, da can katangar gidanmu ba komi ba ce gare ta, yanzu ta yi ƙiba sosai, shekaranjiya ta sauko daga bisa katanga sai na ji tim, tun lokacin take ɗingishi. Na ce ta faɗo, maigidana ya ce a'a dirowa ta yi, mussa ba ta faɗuwa. Wa ke da gaskiya?"

Hajiya Allah ya saka da alheri, wallahi tambayar nan ta yi mini daɗi don ta taɓa wasu kalmomi da yaranmu na nan Yamai suka fara cuɗawa wuri guda, komi sai su ce tsalle. Tsalle tashi ne, barin ƙasa, shi ya sa ake cewa ya buga tsalle ko ya daka tsalle. Dira ita ce ƙarshen tafiyar, wato sauka bisa ƙafafu, kuma da niyya, mai dira ya san inda zai sa ƙafarsa tun kafin ya tashi. In wajen mai magana aka nufo sai a ce ya diro. Daga nan ne muka samu jirgi ya dira, ko baƙi sun diro mana ba sanarwa. Ita kuwa faɗuwa babu niyya cikinta, jiki ne ya ƙwace wa mai shi. To kin ga maigidanki yana da gaskiya ta fuskar niyya, mussarki dira ta yi nufi. Ke kuma kina da gaskiya ta fuskar kunne, don Bahaushe ba ya ba abu marar nauyi "tim", tim na buhun hatsi ne da aka sauke daga amalanke. Mussa mai lafiya in ta diro ko motsinta ba a ji, wuf ta wuce. Ranar da kika ji tim, dirar ta fara komawa faɗuwa ke nan, kuma nauyi ne ya maida ta haka.

Bari in tsaya nan kaɗan don abin yana da ban sha'awa. Ki ɗauka katangarku mitir 2 ce. Duk abin da ya sauko daga wannan tsawo yana isowa ƙasa da gudun da ya kai kamar kilomita 22 a awa, ko ramamme ne ko mai ƙiba, gudun ɗaya ne, ƙiba ba ta ƙara masa sauri. Bambancin yana wajen dukan da ƙafafu za su karɓa. Matan da ke daka sun fi kowa sanin wannan, ki saki taɓarya siririya da taɓarya mai kauri daga tsawo ɗaya cikin turmi, tare za su isa amma ba bugu ɗaya za su yi wa geron ba. Mussar gida babba galibi tana tsakanin kilo 4 zuwa 5. In ta kilo 4 ta kumbura ta kai kilo 6, to kowace dira ƙafafunta suna karɓar abin da suka saba har da ƙarin rabinsa, alhali ƙashi bai ƙara kauri ba, jijiya ba ta ƙara ƙarfi ba, kitse ne kawai ya ƙaru, shi kuwa kitse kaya ne, ba ya ɗaukar kansa balle ya ɗauki wani.

Na sha zama tsakar gida da la'asar ina kallon tamu tana saukowa daga bisa ɗakin girki. Ba ta dira kai tsaye, sai ta leƙa ƙasa, ta zuro ƙafafun gaba jikin bango ta rage tsawon gwargwadon iko, sannan ta saki. Ƙafafun gaba ke fara taɓa ƙasa, su lanƙwashe, ƙirji ya yi ƙasa kamar zai taɓa yashi, sannan na baya su biyo. Allah ya yi kafaɗarta ba a ɗaure take da sauran ƙasusuwa tam kamar tamu ba, tsoka ce ke riƙe da ita, ga kuma 'yan matasan nan masu taushi a tafin ƙafa, duk don bugun ya rarrabu kada ya zo lokaci guda. To mai ƙiba abin da ke samunta shi ne waɗannan ƙafafun gaban su suka fi shan wahalar bugun. Hawa kuma aikin ƙafafun baya ne, ta durƙusa ta tattara jiki ta harba. A 2002 wasu masu bincike a Amurka sun auna tsallen mussoshin gida suka ga abu biyu suka fi raba gwana da wadda ba gwana ba, tsawon ƙafar baya da kuma yawan kitsen da ke jiki. Mai kitse da yawa tashinta ya fi rauni.

Dubi hikimar harshenmu a nan. Mutum mai kasala muna cewa yana da nauyin jiki ko da kuwa siriri ne kamar kara, marar son magana nauyin baki, surukinka kana jin nauyinsa, iyali nauyi ne bisa wuyan maigida. Ko'ina ka duba nauyi a Hausa abu ne da ke hana zabura. Mussa mai ƙiba ta haɗa biyun, nauyin kilo da nauyin jiki, don in dira ta fara yi mata zafi sai ta daina hawa, in ta daina hawa ƙibar ta ƙaru.

Akwai kuma wani ɗalibi daga jami'ar Abdou Moumouni da ya tambaya, wai mi ya sa ake cewa mage rai tara gare ta, kuma shin mussa da mage da kyanwa abu ɗaya ne? Ɗana, abu ɗaya ne, mu nan wajen Adar da Gobir mussa ta fi yawa a baki, Kano kyanwa da mage, namijin kuwa muzuru, shi ne na cikin "ana muzuru ana shaho". In ka saurari maƙwabtanmu Zabarmawa za ka ji maaje da muusu, har zaki suna ce masa muusu beeri wato babbar mussa, ka ga zaman tare ya daɗe.

Maganar rai tara kuwa ba mu kaɗai ba ne, Turawan Ingila tara suke cewa, Larabawa bakwai, kuma mutane sun ga ana sakinta a rigingine ta juya a iska ta sauka bisa ƙafa. A 1894 wani masani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ɗauki hotunan mussa bi da bi tana faɗowa ya nuna cewa ba ta dogara da komi wajen juyawar, kai da rabin gaba ke fara juyawa sannan rabin baya ya bi. Cikin kunnenta ne abin da ke faɗa mata ina sama ina ƙasa, kuma ɗiyan mussa tun suna sati 3 zuwa 4 suke fara wannan. A 1987 likitocin dabbobi a birnin New York sun duba mussa 132 da suka faɗo daga gidajen sama, kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sun rayu. Amma a lura, waɗanda aka kawo asibiti kaɗai aka ƙirga, kuma da yawansu sun zo da karaya da ciwon ƙirji da fasasshen haɓa. Abin da ke ceton ta ƙanƙantar jiki ce, tana baje ƙafafu iska ta tare ta, gudunta ba ya wuce kamar kilomita 100 a awa, mutum kuwa yana kai wajen 200. Wato ran nan tara da ake faɗa rashin nauyi ne, kuma shi ne abin da ƙiba ke cinyewa.

Shi ma "faɗuwa ta zo daidai da zama" ina ganin ana yi masa gurguwar fahimta, wasu suna sa shi wajen sa'a kowace iri. Asalinsa mutum ne da ma yana son ya zauna sai ya zame ya faɗi daidai wurin, abin da ya zo ba da nufi ba ya dace da abin da ake nufi. Karin maganar ba za ta yi ma'ana ba in da Bahaushe bai raba abin niyya da abin da ya ƙwace ba, rabon nan dai da ke tsakanin dira da faɗuwa.

Hajiya, koma ga mussarki. In ɗingishin ya wuce kwana biyu ko ba ta taka ƙafar sam, a kai ta wajen likitan dabbobi. Don Allah kada a ba ta parasitamol, na san tausayi ke sa wasu yin haka amma guba ne gare ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ki shafa gefen ƙirjinta, in sai kin danna sosai sannan ki ji haƙarƙari to ƙibar ta yi yawa. A rage mata abinci sannu-sannu, ba a yanke mata lokaci guda ba don yunwar farat ɗaya tana taɓa hantar mussa mai ƙiba, a daina ba ta sauran tuwo da man miya da kitsen nama duk lokacin da ta yi kuka. Kafin ta saɓe, ki kifa tsohon turmi ko ki ajiye tano gindin katangar inda ta saba saukowa, ta riƙa yin dirar sau biyu.