Ƙafar da ta saki bayan allura

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce an yi wa ɗanki allurar zazzaɓi a ɗuwawu, tun ranar yake jan ƙafa, mutanen gida kuma suna cewa a kai shi wurin mai ɗori. Wallahi abin da ya sami 'yata kenan tana da shekara huɗu.

Ita ma zazzaɓi ne cikin dare, na goya ta sai kemis. Yaron da ke tsaron wurin waya na manne a kunnensa, ya ce in kifa ta a cinyata, ya soka allurar can ƙasa, tsakiyar ɗuwawun. Na san kukan tsoron allura, wannan daban ne. Ta sandare ƙafar tana "Mama wuta, wuta!" Ya ce shagwaɓa ce. Da safe na tsayar da ita, ƙafar ta langaɓe, yatsun na jan ƙasa, silifas ya fice ba ta ma sani ba. Na koma wurinsa jikina na rawa, ya dube ni ya ce ƙila dama can tana da shan inna. Ko sannu bai ce ba. Har yau in na bi ta layin sai na ji zuciyata na tafasa. Dangin mijina kuma suka ce ni na fita da ita da dare ta taka wani abu.

Likitan gashin ƙashi, wato mai motsa gaɓoɓi a asibiti, shi ya zana min a takarda na gane. Akwai jijiya da suke kira sayatik, ita ce mafi girma a jiki. Daga ƙasan lakar da ke cikin ƙashin baya take fitowa, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu wajen gwiwa. Ba ta jini ba ce, ta saƙo ce. Ƙwaƙwalwa na turo umarni ta cikinta kamar wutar lantarki. Idan ya kai ƙarshe sai jijiyar ta saki wani sinadari, asetilkolin, ya tsallaka ɗan ratan da ke tsakaninta da tsoka. Nan take sinadarin kalsiyam ya fito a cikin tsokar, zaruruwanta iri biyu, aktin da miyosin, su riƙa kama juna suna ja kamar masu jan guga, tsokar ta tsuke ta ja agara, ƙafa ta ɗaga. To allurar ta taɓa hanyar saƙon. Tsokar gaban ƙwauri mai ɗaga tafin ƙafa lafiyarta lau, jira kawai take ba wanda ya kira ta. Shi ya sa ake yin allura a sama ta gefen ƙugu, jarirai kuma a gefen cinya.

Don Allah kar ki bari a kai shi ɗori, ba ƙashi ne ya karye ba. Kar kuma a gasa da ruwan zafi, saman ƙafar ba lallai yana ji ba, sai ya ƙone ba ku sani ba. Ni kakar 'yata ta gwada, sai da wurin ya tashi.

Ki je babban asibiti gobe, ki faɗa musu ranar allurar da inda aka soka. Za su karɓi kashinsa sau biyu don gwajin shan inna, ana so cikin kwana 14 da farawar abin, kar ki ji tsoro, ƙa'ida ce ga duk yaron da gaɓarsa ta saki. Ki roƙi a tura ku gashin ƙashi. In a Kano kuke akwai Asibitin Ƙashi na Dala.

Jijiya tana tsirowa, amma kamar milimita 1 a rana, ki auna daga ɗuwawu zuwa ƙwauri. Tsoka kuma ba ta jira har abada, in ta wuce shekara zuwa shekara ɗaya da rabi babu saƙo tana lalacewa. Mu an ba mu takalmin roba mai tallafe idon sawu, safe da yamma ina lanƙwasa tafin ƙafar sama don kar agarar ta ƙage. Tana kuka ina kuka. A wata na bakwai ta motsa babban yatsa, na yi sujada a tsakar gida. Yanzu tana gudu, sai dai in ta gaji ɗingishin na ɗan fitowa.

Ki ce ya ɗaga babban yatsan ki gani, ki taɓa saman ƙafar ki tambaye shi ko yana ji. Ki faɗa mana a nan. Allah Ya ba shi lafiya.