Neman kakan kaka a Ingila kafin 1538

Malam, ka tambayi yadda za ka gano kakanka da ya rayu a Ingila kafin 1538, shekarar da coci-coci suka fara rajistar baftisma da aure. Fara da garinsa. In mai sana'a ne a birni, duba rajistar 'yantattun gari, wato waɗanda aka ba izinin yin sana'a ko kasuwanci a birnin; ta birnin Yok ta faro tun 1272. Takardun harajin kai na 1377, 1379 da 1381 suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Landan, haka ma kundin shari'o'in bashi da filaye, cikin harshen Latin.

Suna ne ke ɓatar da mutane. Kafin wajen 1400, ɗa kan ɗauki sunan sana'arsa ko ƙauyensa maimakon na uba. Kada ka danganta mutum biyu sai takardar gado ko fili ɗaya ta haɗa su.