Wuƙar Mora da ta yi tsatsa jabu ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya rasu ya bar mini wata wuƙa mai jar ƙota ta katako, an buga "Frosts Mora Sweden" a jikin ƙarfenta. Da ita yake fiɗa kowace Babbar Sallah. Yanzu na ga ta fara tsatsa. Wani mai sayar da wuƙaƙe ya ce mini jabu ce, wai ƙarfen Suwidin na gaske ba ya tsatsa, ya ce in kawo ya goge ta da inji. Hankalina bai kwanta ba. Mene ne gaskiya?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin komai, ɗan'uwa, kada ka kai masa wuƙar nan.

Mora gari ne a lardin Dalarna, a tsakiyar Suwidin, inda ƙasar noma ba ta da albarka sosai. Shi ya sa mutanen wurin suka rungumi sana'ar hannu tun da daɗewa, dogon agogon tsaye da wuƙa da sauransu. A 1891 wani mutum, Frost-Erik Ersson, ya dawo ƙauyensu Östnor daga aikin sarar itace a Arewacin Amurka, ya buɗe masana'anta. Sunansa ne ka gani a jikin wuƙarka. A 1912 Krång-Johan Eriksson ya buɗe tasa a ƙauye guda. Gidajen biyu suka haɗe a 2005, yau su ne Morakniv. Akwai kuma Eskilstuna, tsohon garin maƙera, inda kamfanin wuƙa na EKA ya fara a 1882. Mafaraucin can da bindiga yake kashe nama, wuƙa ta fiɗa ce da cire kayan ciki, don haka za ka ga tasu gajera ce, ƙarfenta bai fi tsawon tafin hannu ba.

To, mu zo kan maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita: wai ƙarfe mai kyau ba ya tsatsa. Wa ya faɗa? Tsofaffin wuƙaƙen Mora masu jar ƙota da baƙin ƙarfe aka yi su, irin wanda ke ɗaukar kaifi da sauri, ya kuma riƙe shi. Wannan ƙarfe in ya kwana da jini ko laima, dole ya yi tsatsa, ko a Suwidin ɗin ne. Masu ƙarfen da ba ya tsatsa daga baya suka zo, kuma har gobe kamfanin yana yin iri biyun. Wasu tsofaffin ma ƙarfe uku aka haɗa, mai tauri a tsakiya, masu taushi biyu suna rungume da shi, har takan ɗan lanƙwasa maimakon ta karye. Nan ma sai ka ji wani ya ce, ai ka gani, jabu ce.

Da maganar ta tsaya a baki da sauƙi. Abin da ke biyo bayanta ne ɓarna. Mai inji zai danna bakin wuƙar a dutse mai juyawa, tartsatsi na tashi, mai ita na tsaye yana murna. An taɓa kawo mini wata bayan an yi mata haka. Na ɗaga ta a hasken rana, sai ga wani siririn layi shuɗi-shuɗi ya bi bakinta tun daga tsini har gindi. Wannan shuɗin shaida ce zafi ya kai wajen digiri 300, ya warware taurin da maƙeri ya ba ƙarfen tun a masana'anta. Na wasa ta, ta yi kaifi, muka yanka igiya sau biyu, bakin ya kwanta kamar na gwangwani. Wuƙar da ta yi shekaru tana aiki, minti ɗaya ya gama da ita. Kuma wuƙa dakusasshiya ita ke yanka mai ita, domin sai ka danna da ƙarfi, ta zame daga fata ta faɗa hannu. Ga shi irin taka ba ta da abin tare yatsa tsakanin ƙota da kaifi. Wasu har a garwashi suke sa ta wai don ta ƙara ƙarfi. Haba jama'a! In ba ka san ƙarfe ba, ka ji tsoron Allah ka bar kayan mutane, ballantana abin gado.

Tambarin kaɗai ba ya isa in yi maka rantsuwa ban riƙe ta a hannu ba, amma tsatsa ba ta cikin alamun jabu. Ka samu toka mai laushi da ɗan mai, ka goga da tsumma a hankali har jan ya fita. Baƙi-baƙin da zai rage ka bar shi, yana ma kare ƙarfen. Wajen wasawa, ka duba faffaɗan gefen nan da ya gangaro zuwa kaifi, ka kwantar da shi gaba ɗaya a kan dutse mai ruwa, ka yi da hannu, gefe da gefe. In ka gama fiɗa ka wanke, ka tsane ta sosai, ka shafa man gyaɗa kaɗan, kuma kada ka mayar da ita kube da danshi.