Shin wakar gargajiya sai dan gado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Dan Allah muna da wata kungiya a unguwarmu ta koya wa yara mata wakokin gada da na daka da na nika don kar su bace, toh sai muka ce mu bude kofa har makafi da guragu da matan aure su shigo, shine wasu ke cewa wai waka gado ce, wasu kuma sunce haramun ne gaba daya. Meye hukunci?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Toh 'yar uwa, maganar gado dai al'ada ce kawai, shari'a bata ce sai dan gidan makada ba, shi kansa Mamman Shata ai ba gadonta yayi ba. Nakasa ma bata hana, Ibn Ummi Maktum makaho ne amma ladanin Annabi (SAW) ne a Madina, kuma mu nan ai makafi sun dade suna rera wakokin wa'azi kofa kofa, jama'a na karuwa.

Su kuma mata, yazo a Bukhari da Muslim Sayyadina Abubakar ya tarar da yara mata biyu suna waka a dakin Nana A'isha ranar idi, ya tsawatar, Annabi (SAW) yace ya kyale su. Nana Asma'u 'yar Shehu ma da waka ta karantar da matan karkara ta hannun jajis dinta, wato matan da ta horar suna zagaya kauyuka suna koyarwa, duk da dai nata wakokin na ilimi ne ba na gada ba.

Inda malamai suka yi sabani shine kayan kida. Mafi yawa, har da malamanmu na Malikiyya, sun tsananta sai dai duffi (wato ganga mai fuska daya irin mandiri) a biki, Ibn Hazm kuma ya halatta. Ni abinda nafi natsuwa dashi ku tsaya a murya da tafi, in lokacin biki ne a kara da duffi, kun fita daga sabani kenan.

Sannan ku tace baitocin sosai, don wasu wakokin akwai kirarin iskokin bori a ciki, wasu batsa, wasu kuma habaici ne tsantsa ga kishiya ko uwar miji, duk a cire. Matan aure su zo da izinin mazajensu, ayi tsakanin mata zalla, banda dauka a waya a watsa a TikTok, don nan ne abun yake lalacewa. Masu nakasa kuma a koya masu kamar kowa, kar a maida su abin dariya ko hanyar neman tallafi, wannan kam zalunci ne.

In kun kiyaye wadannan babu laifi, ku bude kofar.

Allah ne mafi sani.