Filin Tambayoyin Makaɗa: Maɓallai 16 da Haruffa Huɗu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa kiɗa a wani situdiyo da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina. Maigidana ya sayo ƙaramar sintisaiza ta hannu, wato na'urar ƙirƙirar sautin kiɗa, mai maɓallai 16 a jere da abubuwan murɗawa huɗu da aka rubuta wa A, D, S, R. In na danna da yatsana sautin yana fita raɗau, amma in na jera shi don ta buga da kanta, sai ya fito ƙasa-ƙasa kuma ya cakuɗe. Ko ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Na'urarka lafiyarta ƙalau, lissafin lokaci ne ya kuɓuce maka.

Maɓallan nan 16 su ne majerin sauti, abin da 'yan situdiyo ke kira sikwensa. Tsarin ya bazu tun daga na'urar ganga ta Roland TR-808 da ta fito a 1980, kuma irinsa ne kake gani a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Kowane maɓalli taki ɗaya ne, taki huɗu kuma bugu ɗaya. In ka sa saurin kiɗa a 120, wato bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, taki ɗaya kuwa milisakan 125 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya). Riƙe wannan lissafin: raba 15,000 da saurin kiɗan, abin da ya fito shi ne tsawon taki. A sauri 100 zai ba ka 150.

To, majerin ba ya riƙe sauti tsawon takin gaba ɗaya. Yana buɗe abin da ake kira ƙofa, ya rufe, kamar dai yatsa ya danna ya ɗaga. In ƙofar tana kan rabi, sautinka milisakan 62 kacal yake da shi. Kai kuwa da yatsanka kana iya riƙewa sakan guda cur, shi ya sa kake jin daɗinsa.

Haruffan huɗu su ne ke sassaƙa ƙarfin sauti daga fitowarsa zuwa mutuwarsa. A shi ne tashi, lokacin da sauti ke ɗauka daga shiru zuwa ƙololuwa. D sauka ce daga ƙololuwar zuwa inda zai zauna. R wutsiya ce, abin da ke saura bayan an rufe ƙofa. S ne ke rikita masu koyo, domin shi kaɗai ba lokaci yake aunawa ba. Matakin ƙarfi ne da sautin zai tsaya a kai muddin ƙofa na buɗe.

Yanzu duba abin da ke faruwa a wurinka. In tashinka milisakan 200 ne, ƙofa kuma ta rufe a 62, sautin bai kai ko'ina ba aka katse masa hanzari. Ga dalilin fitowarsa ƙasa-ƙasa. In kuma wutsiyarka ta kai rabin sakan, sautin taki na 1 yana nan bai mutu ba na 2, na 3 da na 4 suka hau kansa. Ga cakuɗewar.

Gyaran ba wuya. Share duk jerin, ka kunna taki na 1, 5, 9 da 13 kawai, duka a kan sauti ɗaya. Mayar da A kusan sifiri, wajen milisakan 3. Kada ka kai shi ƙurewa, domin wasu na'urori suna yin "ƙas" a farkon sauti in tashi ya zama sifiri tsantsa. Sa D wajen 100, S sifiri, R wajen 70. Za ka ji bugu a tsinke, irin na kalangu ko tsirkiyar kuntigi. Lura cewa tunda ƙofa ta rufe kafin D ya gama sauka, R ne ke ƙarasa aikin, don haka in ka murɗa D ka ji kamar ba ya canja komai, ƙara tsawon ƙofar zuwa kashi 75 cikin ɗari. Sai bugun ya zauna sannan ka ƙara taki na 4, 7 da 12, ka raba musu sautuka daga A, C, D, E da G (a nan sunayen sautukan kiɗa ne, ba abubuwan murɗawa ba). Biyar ɗin nan sun fi kwanciya da kunnen Bahaushe, da wuya ka ji tuntuɓe a cikinsu.

In na'urarka ba ta nuna lambobi, rage sauri zuwa 60, inda taki ya zama milisakan 250, ka saurari ratar shiru tsakanin sauti da sauti. Kana ƙara sauri kana rage R har ratar ta tsira.

Sauti mai ja irin na goge kuwa wani gini ne daban. Yana son A wajen 150, S kashi 80, R wajen 200, sannan dole ka ɗaure taki huɗu su zama ɗaya don ƙofa ta yi rabin sakan a buɗe. Amma lanƙwasar muryar kalangu, wadda makaɗi ke samu ta matse tsirkiya a hammata, ba ta cikin haruffan nan huɗu. Wannan aikin zamewar murya ne, wajensa daban a jikin na'urar.

Tambaya: Daga Daura nake. Kiɗan gargajiya irin na biki yana ƙin zama a taki 16, kullum sai ya yi ɗingishi. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kunnenka bai yaudare ka ba. Yawancin irin wannan kiɗan kowane bugu uku yake rabuwa, ba huɗu ba. Nemi inda ake saita takin ƙarshe ka tsayar da jerin a 12, manyan bugu su faɗa kan 1, 4, 7 da 10. Sai dai akwai tarko: na'urar tana nan tana lissafin taki huɗu a bugu, don haka in ka bar ta a 120, kunne zai ji gudun 160. In 120 kake so a ji, saita ta a 90, taki ya zama milisakan 167, ka ɗan ƙara D da R daidai da hakan. Kuma da ka samu abin da kake so ka danna maɓallin adanawa nan take, domin a na'urori da dama jerin da ba a adana ba yana tafiya tare da wutar in an ɗauke ta.