Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya a kan kalmar "panache"

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na ga tambayarka cewa ka ci karo da kalmar Faransanci "panache" a cikin takardar da kake fassarawa, ka duba ƙamus ka tarar da tuntun gashin tsuntsu, kuma ma'anar ta ƙi zama a jimlar, sai gabana ya faɗi, domin wannan kalmar ce ta taɓa jawo mini wulaƙancin da har yau ban manta ba.

A shekarata ta farko ta aiki aka ba ni rahoton gasar kokawa, inda aka rubuta cewa wani ɗan kokawa ya kayar da abokin karawarsa "avec panache". Na ga gashin tsuntsu ba shi da gurbi a fagen kokawa, sai na yi hasashe, na rubuta cewa ya yi nasara cikin girman kai da fankama. Shugabanmu ya karanta takardar, ya sa hannu da jan biro, aka karanta wa jama'a. Washegari da ƙorafi ya zo daga magoya bayan ɗan kokawar, wannan bawan Allah da ya sa hannu shi ne ya tara ma'aikata, ya ɗaga takardata da yatsu biyu kamar wani tsumma, ya tambaye ni a wace makaranta na koyi Faransanci. Sa hannunsa yana nan a ƙasan takardar kowa yana gani, amma ba wanda ya ce uffan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai taɓa zaunar da ni ya faɗa mini ma'anar kalmar ba, kuma kwana uku ina shiga ofis kaina a sunkuye.

Ƙamus ɗinka bai yi ƙarya ba, ma'anar farko ya ba ka. Faransawa sun aro kalmar daga "pennacchio" ta Italiyanci, wadda tushenta ke komawa ga "pinna" ta Latin, wato gashin fiffike, kuma ana nufin tuntun da mayaƙi ke kafawa a kan kwalkwalinsa. An ruwaito cewa a yaƙin Ivry, ranar 14 ga Maris 1590, Sarki Hanri na huɗu na Faransa ya ce wa dakarunsa idan tutoci sun ɓace musu su bi farin tuntunsa. Ka lura da kyau, wanda ya kafa farin tuntu a fagen fama ya nuna wa abokan gaba inda yake, saboda haka adon nasa shi kansa jarumta ce. Daga baya, a 1897, wasan kwaikwayon Edmond Rostand mai suna Cyrano de Bergerac, wanda da wannan kalmar ya rufe, ya yaɗa ma'anar da ake amfani da ita yanzu har ta zauna a Ingilishi.

Ina roƙonka kada ka rubuta "gayu", domin gayu a tufafi ya tsaya, kuma matsoraci ma yana iya yinsa. Kwalisa ma haka take. Kwarjini ya matso kusa, amma shi abu ne da mutane ke ji game da mutum ko da yana zaune shiru, ita kuwa wannan kalmar sai a cikin aiki take bayyana. Ni ban gane ta sosai ba sai ranar da na tsaya kallon hawan salla, na ga 'yan lifidi da gashin jimina yana kaɗawa a kan kwalkwalinsu. Tun daga nan nakan rubuta "cikin ƙasaita da bajinta", ko "cikin salo mai burgewa" idan maganar wasa ce.

Kuma don Allah ka riƙa ajiye kwafin duk takardar da na gaba da kai ya sa wa hannu, kada ka ji kunyar tambaya kamar yadda na ji. Ka kuma duba ko akwai ɗigo mai karkata a kan harafin ƙarshe, domin "panaché" gaurayayye take nufi. Turo mana cikakkiyar jimlar a nan mu duba ta tare kafin ka miƙa aikin.