Ka Auna Mahayi Kafin Ka Yanka Ƙarfe

Yaro, ka tambaye ni yadda ake gane zaman da zai yi wa mahayi daɗi a kan babur ɗin da aka sake wa siffa bisa son mai shi, da kuma ko daga kai, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa babur, ake farawa ko daga sirdi. Da wata tambayar ce da na ce ka koma ka ci gaba da wanke sifanu, amma wannan ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, saboda haka ka buɗe kunne, ba zan maimaita ba.

A wuri uku jikin mutum yake haɗuwa da babur: sirdi, matakan ƙafa, da kai. Duk wanda ka matsar a cikinsu, ka canja sauran biyun ko da ba ka taɓa su ba. Ni daga sirdi nake farawa, domin a nan nauyi yake sauka, sannan ƙafa, hannu ne na ƙarshe. Yadda ake kwance kai da ɗaure shi kuwa ba zan ɓata bakina a kansa ba, wanda bai iya wannan ba bai kamata ya shigo gareji ba.

Wani mutum ya taɓa zuwa wurina da hoto a waya, na irin manyan baburan Amurka masu dogon kai, wanda mahayi yake ɗaga hannu sama kamar zai rataya, da matakan ƙafa can gaba kusa da taya. Ya ce haka yake so, ba ragi ba ƙari. Na dube shi, gajere ne, hannuwansa gajeru, na ce masa wanda ke cikin hoton ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Na zaunar da shi a kan firam ɗin, na sa ya rufe ido ya miƙa hannu inda jikinsa ya ga dama, hannun ya tsaya ƙasa da kafaɗa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Na ce masa nan ne wurin kan babur ɗinka. Na yi masa bayani cewa idan hannu ya wuce kafaɗa ya daɗe a haka, jini yana raguwa a yatsu har su mutu, iska kuma ta riƙa dukan ƙirji tana tura mutum baya, ya koma da ƙarfin hannu yake riƙe kansa. Na ƙara da cewa matakan gaba suna mayar da duk nauyi kan ƙarshen ƙashin baya, kuma idan rami ya zo ba shi da halin ɗagowa da ƙafa ya rage dukan. Ya ce shi da kuɗinsa ya zo, ba wa'azi ya zo ji ba.

Na yi masa aikin kamar yadda ya nema, kuma aiki ne da har yau ban ga wanda ya yi irinsa ba. Kai mai tsawon inci 16 ba ɗaurawa kawai ake yi ba. Sai da na sake wayar kuloci, da ta totur, da bututun man birkin gaba, na ƙara tsawon wayoyin lantarki na zura su ta cikin kan domin kada su yi ta lilo a waje. Kan da ya zaɓa mai kaurin inci 1 ne, irin na Harley-Davidson, babur ɗinsa kuwa na Japan ne, kansa na asali mai kaurin milimita 22, don haka maƙalan da ke riƙe kan da hannayen birki da kuloci duk sai da aka canja su. Na yi waldar mazaunin matakan, na ƙera sandunan da suka haɗa matakan da giya da kuma birkin baya. Rabin kuɗin kawai ya ba ni, ya rantse cikon yana nan tafe.

Ba a jima ba ya dawo yana dafe da ƙugu, wai yatsunsa suna mutuwa, bayansa ya riƙe, kuma ba ya iya juya babur a lungu domin hannu ɗaya ba ya kaiwa. Duk abin da na faɗa masa, shi ya karanto mini a matsayin laifina, a gaban yarana. Ya hana ni cikon kuɗina, ya kai babur ɗin wurin wani, wanda ya sauke kan zuwa daidai inda na nuna tun farko, ya dawo da matakan ƙarƙashin gwiwa. Har yau wancan ake yabo, ni kuma aka yi ta yawo da sunana cewa na lalata babur. Kuɗin sun yi mini ciwo, amma sunan ya fi.

Tun daga nan ba na kunna walda sai mahayi ya zauna na auna shi. Tela ba ya yanka yadi a kan hoton wani. Ƙafafun mahayi su taka ƙasa sosai idan ya tsaya, gwiwa ta lanƙwashe kusan digiri 90 a kan mataki, kada kuma ta fi ƙugu tsawo. Hannayen birki da kuloci ka karkatar da su yadda wuyan hannu zai miƙe daidai da damtse, ba ya karye sama ba. Kada ka bar shi ya sauka bayan minti 2 yana murmushi, ka bar shi a kai rabin awa, a lokacin ne jiki yake faɗin gaskiya. Sirdi mai laushi ma yaudara ce, domin soso mai taushi yana lotsewa mutum ya koma zaune a kan ƙarfe, mai ɗan tauri da faɗi a inda ƙasusuwan zama suke sauka shi ne na tafiya mai nisa.

Ku yaran yanzu matsalarku ɗaya ce da ta wancan mutumin, babur a wurinku abin ɗaukar hoto ne, kuna gina shi domin ya yi kyau a tsaye. Idan mai babur ya nace a kan abin da ka san zai cutar da shi, ka karɓi kuɗinka cif kafin ka taɓa ƙarfe, ka kuma faɗa masa illar a gaban shaida. Kafin ya tafi ka murza kan har ƙarshe, dama da hagu, injin yana aiki. Idan kan ya daki tanki, ko ƙarar injin ta tashi da kanta, alamar wayar totur ta yi gajarta ko ta maƙale, kada babur ɗin ya fita daga garejina a haka.